Taswirar da Goggo Ta Kira Hatimi

Ina aji biyu a babbar sakandare na kamu da son littattafan Turanci masu labarin 'yan mata jarumai, irin waɗanda duniya ta lalace a cikinsu, sai yarinya guda ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Ni kuwa muryata ko bakin mayafina ba ta wucewa. Ina samunsu wajen wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai a gefen titin unguwarmu Nima, kusa da inda motocin haya na trotro ke lodi. In na kawo gida sai na yi musu riga da takardar siminti, don kada gefensu ya lanƙwashe.

Wanda ya jawo mini magana labarin wani birni ne da masu mulki suka kulle ruwansa, da wata yarinya mai jin motsin ruwa a ƙarƙashin dutse. A shafin farko an zana taswirar birnin: da'ira a cikin da'ira, da gidaje murabba'i, kowanne da baƙin rubutu na ƙirƙira.

Wata Asabar da hantsi, saura babi uku in gama, Goggo, ƙanwar Baba, ta ɗaga matashina tana neman ɗankwalinta. Ina wanki a tsakar gida na ji salatinta. Ta fito riƙe da littafin da bakin zane, a buɗe a shafin taswirar, kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

"Yaya, fito ka gani! Yarinyanka ya shiga sakawa!"

Haka Goggo ke magana, Hausar zango, ba ta raba mace da namiji. Sakawa kuwa kowa a unguwarmu ya san ta: damfarar intanet da ake cewa samari na haɗawa da tsafi. Ba a daɗe ba aka gama tsegumin wani yaron layinmu da aka ce an ga hatimi a ɗakinsa.

Baba ya fito da carbi a hannu. Ya duba taswirar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Yana karanta Larabci sosai, amma Turancinsa na kasuwa ne.

"Mene ne wannan?"

"Taswira ce, Baba."

"Ta wane gari?"

"Babu garin."

"Kun ji ko!" in ji Goggo. "Garin da babu shi, ai garin aljanu ke nan."

Matan gidan haya sun fara leƙowa, wata da ludayi a hannu. Baba ya rage murya.

"Abin da ke ciki gaskiya ne?"

Na laluba kaina ban sami sunan irin wannan littafi da Hausa ba. Sai na ce, "Ƙarya ce."

"Ƙarya kike zama kina karantawa? Akwai sihiri a ciki?"

Da na ce babu, da an wuce wurin. Amma akwai, ni kuma ban iya amsa rabi ba. Na ce, "Akwai kaɗan."

Bai yi faɗa ba. Ya dubi kurfotin gawayin da aka ɗora ruwan zafi a kai, ya ce da Goggo ta sauke tukunyar. Ya ce wannan zai shiga wuta, sauran da ke cikin akwatina su biyo shi, daga yau kuma littafin makaranta kawai. Na tsaya kumfar sabulu na bushewa a hannuna.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Jikar fataken goro ce, Hausarta kuma cikakkiya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai, ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ke, zo nan. Me littafin ya ce?"

Na durƙusa gabanta. Da farko ita kaɗai ke jina. Na faɗi yadda ake kulle famfunan birnin, talakawa su wuni a layi da jarkoki. Wata maƙwabciya ta ce, "Wannan ai unguwar Mamobi ce!" Aka yi dariya, na samu numfashi. Na faɗi yadda yarinyar ta kasa kunne a kan dutse, yadda aka kama ƙaninta, yadda ta shiga ramin da ba a fitowa. Can na lura muryata ta kai har bakin ƙofa.

"Sai me?" in ji Kaka.

"Nan na tsaya."

Ta ture faifan waken. "Ashe tatsuniya ce. Kun tara mini jama'a a kan tatsuniya! Kai da ka girma a kan cinyata kana jin 'yar sarkin da ta shiga cikin kabewa, wane malami ya ƙone ka?"

Baba ya shafa gemu. "Mma, ta ce akwai sihiri."

"A tawa babu? Laifinta ɗaya ne. Ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓatan hanya yake. Ta bari sai an yi magariba."

"Amma ke kika sa shi yi yanzu, rana tsaka," in ji Goggo.

"Shari'a nake, ba hira ba."

Baba ya miƙo mini littafin da kansa. Ya ce in na karanta babi in zo in faɗa wa Kaka da Hausa, ita ce za ta tace. Na karɓa da hannu biyu. Na zauna daɓas a kan bokitin da na kife, na daɗe ban iya komawa wankin ba.

Goggo ta mayar da tukunya kan wuta tana gunaguni da yaren Twi. Da ta zo wucewa ta gefena sai ta sunkuyo.

"Ke, ƙanin yarinyan littafin nan, kar su kashe shi fa. In sun kashe shi, kar ki faɗa mini."