Dorina a Hanyar Tumfure

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa cewa na yi ƙiba ba. A gidanmu na unguwar Shamaki, idan abu ya faɗa bayan akwati, ni ake kira in zura hannu, kuma har na yi aure ban sauka daga wannan muƙamin ba. Shi ya sa duk wanda na gaya wa cewa na taɓa zama dorina na rabin yini, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ji tsoron Allah.

A shekarun da rikicin ya yi tsanani, lokacin da manyan hanyoyin Gombe suka cika da buhunan yashi da sojoji, sana'ata ita ce tura wa mutane abin kallo a waya. Ina da ɗan teburi da tsohuwar kwamfuta a bakin titi. Samari na zuwa neman waƙa da ƙwallo, iyaye mata kuwa abu ɗaya ke kawo su, wato Dorina. Wani katun ne na yara da ake nunawa a talabijin ranar Asabar da safe: shuɗiyar dorina mai ƙaton ciki da jar hula, tana koyar da ƙirga da baƙaƙe da wanke hannu. Masu shirin ba su tsaya a talabijin ba. Suka yi manhajar waya, inda yaro zai bi harafi da yatsa, in ya yi daidai Dorina ta girgiza ciki ta ba shi tauraro. Kafin ka ce me, ga ta a jikin jakar makaranta, a bangon littafi, har a robar shan ruwa. Na tura ta har na tsane ta. Muryarta siririya ce kamar an matse wa kaza wuya, kuma na sha kama kaina ina amsa wa kwamfuta "huɗu" a gaban kwastoma.

Ana cikin haka yayata, wadda muke kira Adda, ta dawo daga Borno inda take aure, ita da 'yarta mai shekara shida da abin da hannu zai iya ɗauka. Mijinta ya kama musu ɗaki a Tumfure, can inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, shi kuma ya koma neman sauran danginsa. Yarinyar lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa, bakinta ma ya girme ta. Matsalar guda ce: ba ta zuwa makaranta. A garinsu ta ga abin da aka yi wa tasu makarantar, kuma tun daga ranar, da an ɗauko yunifom sai ta shige ƙarƙashin gado ta rungume ƙafarsa. An yi lallashi, an yi tofi, an yi alkawarin alewa. Zango guda ya wuce a haka, wani na shirin shiga. Adda ba mai kuka a gaban mutane ba ce, amma ranar da ta ce mini, "Kar dai yarinyar nan ta tashi ba karatu saboda mutanen can," sai da ta kau da fuska. Maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Abin da ya rage wa yarinyar na karatu shi ne Dorina a tsohuwar wayar uwarta, kuma ni na tura mata. Wata Juma'a na je gaishe su, na same ta a kan tabarma tana bin harafi da yatsa. Na ce, "Ke kuwa, ai Dorina ma sai da ta je makaranta kafin ta iya duk wannan."

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To ta zo ta raka ni mana, Kawu."

"In ta zo za ki je?"

"In ta zo."

Mai hankali da sai ya yi dariya ya sha ruwansa ya tafi. Ni kuwa na ce ranar Litinin ɗin da za a koma makaranta za ta zo. Adda ta harare ni ta gefen ido. Baki shi ke yanka wuya, kuma nawa ya daɗe yana wannan aikin.

Na nufi wajen telan unguwarmu, abokina tun muna makarantar allo. Yana da hannu, ba ƙarya, amma a duk rayuwarsa bai taɓa cewa ba zai iya ba, kuma bai taɓa gama ɗinki ranar da ya faɗa ba. Na nuna masa Dorina a waya. Ya ƙura mata ido ya ce, "Wannan ai saniya ce ta kumbura." Na ce dorina ce, irin ta dam ɗin Dadin Kowa. Ya ce shi bai taɓa ganin ta ba, amma ɗinki ɗinki ne, in dawo Alhamis. Muka sayo shuɗin yadi irin na labule. Wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da katifa, da ya ji dalili, ya ba mu buhun guntayen soso kyauta, ya ce nasa yaran ma Dorina ta hana su cin abinci a kan lokaci. Kan kuwa kwandon tumatir aka kifa aka naɗe da soso, aka yi idanu da murfin gwangwani, aka ɗora jar hula a sama, aka toshe bakin da guntun gidan sauro don in riƙa gani ta nan.

Alhamis na je, ya ce Asabar. Asabar ya ce saura zif kawai. Litinin da sassafe na same shi yana shan kunu hankali kwance, babu zif. Wai wanda ya samu na wando ne.

"Shiga kawai in ɗinke ka a ciki," in ji shi. "In ka dawo na farke."

"Ka ɗinke ni?"

"To ya za a yi? Ko ka fi so ka je da baya a buɗe kamar wanda za a yi wa tiyata?"

Lokaci na tafiya, ga Tumfure da nisa, sai na shiga. Ya yi ta cusa soso yana dannawa da gwiwa, har cikin ya turo gaba ya hana ni ganin ƙafafuna. Ya kifa mini kwandon, ya ce kar ya faɗo a gaban yarinya a ji kunya, ya haɗe shi da kafaɗa da zaren ɗinkin buhu. Sannan ya ja baya ya dube ni ya ce wallahi har na fi ta kyau. Mu biyu, manya, masu iyali, da muke wuce shingen sojoji kullum, babu wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Masu napep da dama suka rage gudu, suka dube ni, suka ƙara wuta. Wanda ya tsaya wani dattijo ne da ido ya fara yi masa gardama. Ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Na ce Tumfure, muryata na fitowa daga can cikin kwando. Sai da ya sauko ya turo ni ta baya kafin na shige, na cinye kujerar baya gaba ɗaya, kaina a karkace saboda rufi. Yara 'yan makaranta suka bi mu da gudu suna kiran Dorina. Ni kuwa a ciki gumi nake, ga warin tsohon tumatir, ga ƙurar soso na shiga hanci.

A wancan lokacin dokar shinge kowa ya san ta. Mai abin hawa ya kashe inji, fasinjoji su sauko su wuce a ƙafa, kowane namiji ya ɗaga riga ya nuna ciki don a tabbatar bai ɗaura komai ba. Mun saba har ba ma jin kunya. Za ka ga alhaji ya tattare babbar riga har ƙirji, tumbi a waje, yana ci gaba da ciniki a waya. Sai da na hango buhunan yashi ta cikin gidan sauron sannan na tuna da dokar. A duk faɗin Gombe ranar babu cikin da ya kai nawa abin tuhuma, kuma shi kaɗai ne rigarsa ba ta ɗaguwa.

Na sauko da ƙyar. Mutanen da ke layi suka dare, wata mai tallan awara ta ajiye tirenta a tsakiyar titi ta yi gaba. Sai na ji an ɗana bindiga. Wannan ƙarar ba ta wasa ba ce, kuma na ji tsoro sosai. Na kama salati a cikin kwando.

"Tsaya nan. Hannu sama," in ji wani soja daga bayan buhuna, da Hausarsa ta ɗan kudu. Na ɗaga, sai dai tela ya matse hammatar, iyakar hannun daidai kafaɗa.

"Cire kai."

"Ba ya ciruwa, oga."

"Ɗaga riga."

"Ita ma a ɗinke take."

"Wa ya ɗinke ka?"

"Tela."

Dattijon napep, Allah ya saka masa da alheri, bai gudu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma da na ɗauka Hajiya ce, amma tun daga Shamaki atishawar maza yake yi."

Na ɗaga murya na yi bayani daga nesa: yarinya, Borno, makaranta, alkawarin da na yi. A hankali sojan ya fito, bakin bindiga na kallon cikina, ya zagaya ni. Ya tsaya a gabana ya dubi jar hular. Ya ce ɗansa na kallon wannan abin a gida, uwar ma takan turo masa muryar yaron yana ƙirga. Sannan ya ce, "Amma aiki aiki ne. Sai na ga cikin."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Ni hannuwana a cikin soso suke, ba yatsu, don haka aka aro wuƙa a wajen mai rake aka miƙa wa dattijon nan da bai bambanta dorina da Hajiya ba. Na ce, "Baba, a hankali, akwai mutum a ciki." Ya ce, "In ka ji zafi ka faɗa." Ya yi bisimilla ya tsaga ni daga ƙirji har ƙasa. Soso ya yi ta zuba, iska na kwasa. Sojan ya zura hannu yana lalube, har gwiwar hannu, har kafaɗa, sai da ya taɓo haƙarƙarina. Ni kuma ba na jure cakulkuli, na fara tsalle ina roƙonsa. Ya leƙa ta tsagar ya ce, "Kai ne ɗan kaɗan ɗin nan?" Daga nan aka koma kan kwandon, aka huda gefe don a ga fuskata. Kunne ɗaya ya tafi, ido ɗaya ya saki yana reto.

Da aka tabbatar ba komai, sai waɗanda suka gudu suka dawo suna dariya har da riƙe ciki. Suka taya ni tsintar soso a titi. Mai awara ta ciro fil daga mayafinta, wasu matan ma suka ba da nasu, aka maƙale ni yadda ta samu. Sojan ya miƙa wa abokinsa waya ya ɗauke mu hoto don ɗansa, ya tsaya ta gefen da idon ke da lafiya.

Rana ta ɗaga kafin mu isa Tumfure. Rabin cikin ya tafi, sauran ya zazzago gefe guda, ƙura ta mayar da shuɗin yadin wata kala. Raina ya ɓaci, na tsine wa tela da zif da wannan bakin nawa, har na yi niyyar cewa dattijo ya juya. Sai na hango ta zaune a dokin ƙofa da rigar gida, ta zuba wa hanya ido. Adda na tsaye a bayanta, yunifom a ninke a hannu.

Na san in na yi magana muryata za ta tona ni, saboda haka na ɗaga hannu iyakar inda yake zuwa, na girgiza ciki yadda Dorina ke yi. Fil ɗaya ya ɓalle, soso ya zubo. Adda ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta taso ta zagaya ni, ta dubi inda kunnen yake a da, ta sa yatsa ta bi tsagar cikin daga sama har ƙasa. Sannan ta ɗago ta tambaya a hankali.

"Ku ma sun zo garinku?"

Ban shirya wa wannan ba. Sai kawai na gyaɗa kwandon.

"Kuma kika zo?"

Na sake gyaɗawa. A cikin kwandon hawaye suka haɗu da gumi, ga ba hannun sharewa.

Ta sunkuya ta tsince soson da ya zube, ta mayar cikin tsagar ta danna da tafin hannu. Ta juya wajen uwarta ta ce, "Mama, ba ni rigar. Ba za ta iya zuwa ita kaɗai a haka ba." Adda ta daina dariya. Ta durƙusa ta sa mata yunifom ɗin nan take a bakin ƙofa.

Makarantar ba nisa, ta bayan wata gonar masara. Ita ce a gaba, ta riƙe hannuna da nata biyu tana ja, tana nuna mini rami da dutse. Da muka kusa, muryoyin yara suka fara zuwa daga cikin azuzuwa, sai na ji riƙon ya ƙara ƙarfi, tafiyarta ta ragu. Ta tsaya. Ni ma na tsaya.

"Kar ki ji tsoro," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "In kin ji ƙara ki kwanta a ƙasa. Ni zan gaya miki in ya wuce."

Muka ƙarasa bakin get. Ta saki hannuna, ta gyara mini idon da ke reto, ta ce in koma gida in kwanta, gobe ba sai na zo ba, ita za ta riƙa zuwa ta gaya mini abin da aka koya. Sannan ta gyara jakarta ta shiga.