Na Ci Wainar Sadakar Babana

Har yau idan ƙanshin waina ya bugi hancina, irin wadda ake toyawa da man gyaɗa a tandar ƙasa, sai in tashi in bar wurin. Yarana suna cewa tsirfa ce irin tawa. Ba tsirfa ba ce. Bari in gaya maka inda abin ya samo asali.

Mahaifina malamin dabbobi ne, ma'aikacin gwamnati, irin waɗanda ke bin rugage suna yi wa shanu allura. Bai taɓa riƙe bindiga ba, ko kaza ce sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Ina shekara tara aka tura su aiki can wajen Tafkin Chadi, shi da direba da abokan aiki biyu, lokacin da yaƙi ke cin yankin. Ya ce mako uku zai yi. Sai labari ya zo an tare motarsu a hanya, an shige da su daji.

Shekara biyu ko ɗuriyarsu ba a ji ba. Sannan wani mai fataucin banda ya zo garinmu, nan kusa da Guri, ya rantse ya ga motar a ƙone, kuma ya ji an ce ba wanda aka bari da rai. Da wannan maganar kawai baffana da liman suka yanke cewa Baba ya rasu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka zauna makoki. Mahaifiyata ta yi takaba, ta koma gidansu a Kafin Hausa, daga baya ta yi aure. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ni aka bar ni hannun Kaka, wadda ta haifi Baba.

Ranar sadakar bakwai aka toya waina. Kaka ta ƙi fitowa daga ɗaki. Da aka kai mata, ta ture kwanon da bayan hannu.

"Ku nuna mini kabarinsa, sai in ci," in ji ta.

Ni kuwa, 'yar banza, na ci. Shekarar nan ambaliya ta cinye shinkafa, mun daɗe ba mu ga maiƙo ba. Na ci biyar, na lashe yatsu, na koma na nemi ƙari. Da na ɗago kai sai na ga Kaka tana kallona ta bakin labule. Sai ta saki labulen ta koma ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A wajenmu kowace damina kogin Haɗeja yakan cika ya shanye fadama, ya shafe iyakokin gonaki. In ruwa ya janye, kowane magidanci sai ya je ya sake kafa turakun iyakarsa. Gonar da aka ga ba turke, an san mai ita ba ya duniya, sai magada su raba. Baffana ya ce a raba ta Baba. Kaka ta ce sai dai bayan ranta.

Kowace shekara sai ta sa in saro mata itace huɗu. Mu tafi tare, tsohuwa tana dogara sanda, taɓo har gwiwa, matsattsaku suna manne mata a ƙwauri, warin ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika wurin. Ta riƙe turke, ni in buga da taɓarya. Mutane suna leƙenmu daga kwalekwale suna cewa tsufa ya taɓa ta. Ni ma, gaskiya, haka na ɗauka, kuma kunyar tafiyar nake ji. Sau uku muka yi haka. A na ukun ta dawo da zazzaɓi da tari, ba ta ƙara tashi ba.

Wata biyar bayan an kai ta makwancinta, Baba ya dawo. Da rana tsaka wata mota ta sauke shi a bakin kasuwa. Mata suka watse da gudu, don a saninsu mamaci ne. Ya rame ya zama ƙashi da rai, haƙoransa na gaba babu, gashin kansa fari fat. An bar shi da rai ne saboda yana duba wa waɗanda suka kama su shanun da suka kwaso. Direban da sauran biyun suna can, ƙasa ta rufe su.

Ya tambayi mahaifiyarsa, aka gaya masa. Ya tambayi matarsa, aka gaya masa. Bai yi kuka ba. Washegari na kai shi fadama, ya tarar da turakun nan huɗu a tsaye. Ya durƙusa ya riƙe ɗaya da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Daga baya an kira shi taro a birni, an ce za a karrama ma'aikatan da aka tsare. Aka yi jawabai, aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi. Da aka miƙa masa abin magana, sunayen mutum ukun nan kawai ya kira, da na garuruwansu, ya koma ya zauna. Har ya rasu, kullum bayan sallar Asuba sai ya kira su a addu'a.

Na yi shekaru abin yana cina a rai. Wata rana yana gyaran komar kamun kifi a inuwar zaure, na durƙusa a gabansa.

"Baba, ranar sadakarka na ci waina. Har ƙari na nema."

Ya dakata da ɗinkin, ya dube ni.

"Kin ƙoshi, uwata?"

Na ce na ƙoshi.

"To madalla. Mu a lokacin ganye muke ci. Da na san kina cin waina, da hankalina ya kwanta."

Yanzu ciyawar kachala ta cinye rabin fadamar, gonar Baba ma ba ta ba da ko buhu. Matasa sun daina zuwa kafa iyaka, sun ce wahalar banza ce. Takardar yabon tana nan jikin bango, ruwa ya shiga gilashin ya cinye rubutun. Ni dai duk shekara in kogi ya janye, sai in saro itace huɗu in ɗauki taɓarya. Ba gona nake tsarewa ba. Kaka nake ba haƙuri.