Baƙo Tanimun da Ramar Bayan Zana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1997, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Baƙo Tanimun a gidansa da ke Dogarawa, bayan jinyar mako uku. Ni Hayatu Illo, gonata da tasa iyaka ɗaya ce shekara ashirin da biyu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma ina da maganar da ban iya faɗa masa yana raye ba.

Malam Baƙo, ka yi shekaru kana lebura a wata gonar gwajin iri kusa da Birnin Konni. Ka dawo gida a 1985, bayan shekarar yunwa, da wata ɗabi'a da ba mu saba gani ba. Ka zagaye kusurwar gonarka da zana mai tsawo, ka yi mata ƙofa, ba ka barin kowa ya shiga. Da hantsi sai a hango ka da zare ja da baƙi a wuya, da guntayen takardar buhun siminti da direbobin Malbaza ke kawo maka. Wata rana na leƙa ta ɓular zana, na ga tsirrai dogaye masu ganye a rarrabe kamar yatsun hannu, an lulluɓe kawunan wasu da takarda. Ban taɓa ganin wiwi a tsaye ba, amma na ji an ce haka ganyenta yake. Na kuma ji kana gaya wa matarka Gimbiya cewa ka zaɓi uwa, saura uba. Matasan tasha kuwa sun sha faɗin cewa masu noman wiwi ne ke raba namiji da mace.

Ni ne na kai ƙararka. Ranar kasuwa na hau taksi zuwa Malbaza, na shiga buro, wato ofishin jandarma, na faɗi abin da na gani, na roƙi kada a ambaci sunana.

Jandarman da ya zo sunansa Mutari. Rabin gari ya biyo shi har bakin zana, ni ma ina ciki, ina yi kamar ban san komai ba. Ka buɗe ƙofa ba gardama. Ya tsinki ganye ya murza, ya shinshina, ya sa a baki, sai ya yamutsa fuska don tsami.

Ya ce, "Baba, wagga ai rama ta. Mi kaka ɓoyo?"

Ka ce, "Awaki nika ɓoye ma, da hannun mutane."

Sai ka ɗage takarda ɗaya, ga fure babba, rawaya, mai jan ciki. Mutari ya juyo ya gaya wa jama'a cewa wiwi ba ta yin irin wannan fure, kuma ita namijinta daban ne macenta daban. Kai kuma ka yi bayani a tsanake. Akwai rama mai jan kara, doguwa, mai jure ƙishirwa, bawonta na yin igiya mai ƙarfi, amma ganyenta da ɗaci. Akwai fara, gajera, mai daɗin ganye, wadda ke mutuwa da zarar ruwa ya yi jinkiri. Jar ka zaɓa uwa, ka ɗaura mata jan zare, don ita za ta ɗauki ɗa. Farar ka zaɓa uba, da baƙin zare. Kakan cire garin furen uwa kafin ya nuna, ka shafa mata na uban, ka rufe da takarda don kada ƙudan zuma su kawo na wata. Ka ce shekara uku kana duba tsirrai kafin ka yarda da guda biyu.

Jandarma ya ba ka hannu ya tafi, amma zargi bai bi shi ba. Wasu suka ce an toshe masa baki. Wasu suka ce ramar ta ido ce, ainihin abin yana wani wuri. Aka cire ka daga kwamitin masallaci ba tare da an faɗi dalili ba. Mutanen da suka kawo gaisuwar neman ɗiyarka A'ishatu suka ɗauke ƙafa, sai da ta ƙara shekara biyu a gida. Ni ma ban daina leƙe ba. Na ce a raina mutum ba ya wahala haka don ganyen kwaɗo.

A daminar 1991 wani baƙo ya zo daga hayin iyakar ƙasa bisa babur, ya shige gonarka da la'asar. Na bar fartanya na lallaɓo na tsuguna bayan zana, zuciyata na cewa yau gaskiya za ta fito. Na ji shi yana cewa an ba shi labarin hannunka, yana da irin wiwi kashi biyu, yana so ka zaɓar masa namiji da mace ka haɗa. Sannan ka ce, "Ɗauki babur ɗinka. Hannuna ba shi taɓa abin da ka haukata ɗiyan mutane. In ka komo, ni da kaina nika kiran jandarma."

Kunne biyu ne kaɗai suka ji wannan, nawa. Da yamma gari ya ɗauka cewa mai sayen kayanka ya zo. Ina zaune a dandali ana ta yi, na kasa buɗe baki, domin da na faɗa sai an tambaye ni abin da ya kai ni bayan zanarka.

Shekarar da ruwa ya tsaya tun gero bai cika ido ba, ramarka ce ta rage kore a yankinmu. Ka cire zana da hannunka, mata suka yi ta tsinka, har matan waɗanda suka cire ka daga kwamiti. Ni kuwa ka iso ƙofar gidana da ƙulli na iri, ka ce, "Hayatu, shibka wanga gehen iyakarmu, ka huta da leƙe." Ka yi murmushi ka wuce. Har yau ina zargin ka san ko wane ne ya je Malbaza. Ba ka taɓa tambaya ba, ba ka canza mini gaisuwa ba, kuma wannan ya fi zagi nauyi a kaina.

Ko a zaman makoki ba a bar ka ka huta ba. Aka fara raɗe-raɗin gorunan da ke rataye a ɗakinka. Gimbiya ta aiko da su gaban liman, guda goma sha ɗaya, ta ce a buɗe. Irin rama ne duka, kowane gora da rubutun ajami: uwa wance, uba wane, shekara kaza. Duk da haka na ji Inusa mai shago yana cewa ƙasa-ƙasa, wa ya san abin da aka kwashe kafin mu zo. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na shaida, da kunnena na ji ka ƙi, kuma ni ne mafarin abin da aka jingina maka.

Allah Ya jiƙanka, Malam Baƙo. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa haƙurin da ka yi da mu ya yi nauyi a mizaninka, Ya sanya ka a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Gimbiya, da A'ishatu da 'yan'uwanta, da dukan zuriyar Tanimun. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Gimbiya, sau uku na zo gaisuwa na tashi ban faɗa ba. Na roƙi liman ya karanta wannan takarda ranar sadakar arba'in a gaban kowa, kuma zan kasance a sahun gaba. Mai haƙƙin ya riga mu, ku ne kuka rage. Ku yafe mini, don Allah.