Abin da Na Nuna wa Gwaggo a Ɗigon Ruwa

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Ƙaraye na koyi haɗa abin. Ba wani kayan kirki ba ne: sirinji marar allura, da 'yar fitilar lesa mai koren haske, na ɗaure su a jikin katako da roba. In ka matsa sirinjin har ɗigon ruwa ya rataya a bakinsa, ka haska ta cikinsa, duk abin da ke iyo a ɗigon sai ya fito a bango, ya yi girma kamar ɗan tsako. Ɗalibaina suka yi ta ihu, ni kuwa kaina ya kumbura.

Da aka yi hutu na tafi da shi Yammedi wajen Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye. Da damina ruwan kududdufin bayan gari take sha, ta jefa masa alif ya kwanta. Na sha yi mata magana, ta ce da shi ta girma.

Bayan azahar na tara ta da maƙwabtanta mata uku a ɗakinta, na toshe taga da zane, na zuƙo ruwan da ta ɗebo da safe. Haske ya cika bango, sai ga wasu halittu suna wutsil-wutsil, wani mai gashi-gashi yana ta juyi. Matan suka hau salati.

"Kun gani ko?" na ce. "Waɗannan ne ke kashe yara da gudawa."

Na san na ƙara gishiri. Masu kawo cutar sun yi ƙanƙantar da abin nawa ba zai nuna su ba, waɗannan kuwa yawancinsu ba ruwansu da kowa. So nake a tsorata, a kuma ce na yi ilimi.

Gwaggo ba ta yi salati ba. Ta matsa kusa da bango tana kallo.

"'Yar nan, har da jarirai?"

"Su ma suka fi," na ce, kafin na tuna.

Haihuwa ɗaya Gwaggo ta taɓa yi, ɗa namiji, gudawa ta ɗauke shi yana wata tara. Dalilin da ya sa aka ba ta riƙona ke nan.

"Da cokali na dinga ɗura masa ruwan kududdufin nan," ta ce. "Na ga yana jin ƙishi."

Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na same ta tana surfe, na durƙusa. "Gwaggo, waɗanda kika gani jiya ba su ba ne. Ƙarya na yi."

Ta tsaya da taɓarya a hannu. "To, akwai waɗanda ba a gani ɗin?"

Na kasa yin ƙarya ta biyu. Na ce akwai.

"Kwanansa ne ya ƙare," ta ce, ta ci gaba da surfenta.

Daga ranar ta daina zuwa kududdufi. Da gwiwarta mai ciwo take takawa har rijiyar burtsatse a ɗaya ƙarshen gari, abin da na daɗe ina nema, amma ban ji daɗinsa ba. Maƙwabtan ne suka gaya mini sauran: in yaran unguwa suka shigo suka ce a ba su ruwa, sai ta ce su je su sha a wajen uwarsu. Ta ba su gyaɗa, ta ba su ɗumame, ban da ruwa. Haka ta zauna har Allah ya karɓi ranta. Na yi ta shirin neman gafararta yadda ya kamata, duk zuwa sai na ce sai wani zuwan.