Wadda Take Sa Mana Hannu

Shekara shida na yi ina koyarwa a wata firamare a gindin Goron Dutse, kuma har yau idan adaidaita ta bi da ni ta wannan layin sai na kau da kai. Ginin bai yi mini komai ba. Mutanen da na zauna da su a ciki nake ƙyama, har da ni kaina.

Akwai littafin da kowane malami yake sa hannu da safe, a kan wani tebur a ƙofar ofishin hedimasta. Doka ta ce kafin bakwai da rabi. Mu kuma muna da tamu dokar, wanda ya riga zuwa ya sa wa kowa, wai rufin asiri. To wa yake riga zuwa? Kullum mutum ɗaya ce, malamar aji biyu. Wata siririya ce marar magana, mijinta ya rasu, tana zaune a lungun bayan makaranta da mahaifiyarta mai shanyewar ɓarin jiki. Da asuba take yi wa tsohuwar wanka ta ba ta koko, in an fita tara ta ruga ta juya ta a kan gado ta dawo. Ba don makarantar tana kusa ba, da ba ta iya haɗa aikin da jinyar ba. Duk mun san haka, amma muka mai da ita bironmu.

Malamin lissafi shi ne sarkin cika baki. A taron malamai shi ke buga tebur, shi ba ya tsoron uban kowa, ko wa aka turo daga sama sai ya gaya masa gaskiya. Ƙarfe tara yake shigowa yana sakace. Sai wata Hajiya mai aji biyar, wadda atamfofi da turaren wuta suka fi littattafai yawa a jakarta. A gabanta kowa ɗan'uwanta ne na jini, yana ba da baya ta fara yankansa. Hedimasta kuwa ban taɓa jin ya ce e ko a'a ba. Duk abin da ka kai masa sai ya shafa gemu ya ce a bari a gani. Ni kuma ni ce mai gani ta yi shiru, ta koma gida ta cika wa miji kunne da ƙorafi, tana ganin hakan ya sa ta fi su.

Wata Talata mai duba makarantu ya yi mana sammako. Ya tarar da sunayenmu duka a littafi, malama ɗaya tal a makaranta, tana zirga-zirga tsakanin aji uku. Rubutu ɗaya, biro ɗaya, ba sai an yi dogon bincike ba. Ya tambaye ta, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Ya ce zai dawo ranar Alhamis ya ji ta bakin kowa.

Kwana biyun nan na ga jarumta iri-iri. Malamin lissafi ya rantse har da ɗaga yatsa cewa shi zai fara miƙewa ya faɗa mu muka sa ta. Hajiya ta rungume ta tana sharar hawaye. Ni ma na kama hannunta na ce ta kwantar da hankalinta, ba za mu bari a taɓa ta ba.

Ranar Alhamis malamin lissafi ya aiko cewa ya tafi ta'aziyya Ƙofar Nassarawa, wai surukin maƙwabcinsa ne ya rasu. Hajiya ta gyara mayafi ta wanke kanta tas, ita ba ta taɓa roƙon kowa ba, karambani ne kawai irin na yaran yanzu. Hedimasta ya ce shi sam bai san ana yi ba. Teburin nan fa sai ya raɓa shi yake shiga ofis! Sai mai duba makarantun ya juyo gare ni.

"Malama, ke kin taɓa cewa ta sa miki hannu?"

Takardun ƙarin girmana suna ofishinsu a lokacin. Na dubi ƙasa na ce, "Ni dai ban tuna ba, ranka ya daɗe."

Ban tuna ba. Ni da kusan kullum sai na tura mata saƙo ina kan hanya. Saƙonnin suna nan a wayarta, wayar tana hannunta, wallahi ko motsa ta ba ta yi ba. Na so a ce ta tona ni, da na fi samun sauƙi.

Bayan mako uku takarda ta zo, an mai da ita wani ƙauye can gaba da Dawanau, mota biyu sannan ɗan acaɓa. Ta je ta durƙusa wa hedimasta ya sa baki saboda tsohuwarta, ya ce a bari a gani. Malamin lissafi ya yi ta tsine wa zalunci a ɗakin malamai, Hajiya ta ce ai dama ta hango. Malamar kuwa ta damƙa tsohuwar a hannun wata maƙwabciya, tana fita bayan asuba, ba ta shigowa sai gab da magariba.

Ba a rufa wata huɗu ba tsohuwar ta cika, da hantsi. Aka yi ta kiran wayar malamar, ƙauyen babu sabis. Aka jira har la'asar, liman ya ce haƙƙin gawa ne a kai ta. Ita dai ta sauko daga mota ta shigo lungu ta tarar da tabarmi a ƙofar gidansu, an riga an dawo daga maƙabarta.

Washegari muka sallami yara da wuri muka ɗunguma gaisuwa. Daga soro ina jiyo muryar malamin lissafi, ta fi ta kowa tashi wajen addu'a. Hajiya ta shiga da salati, sai da 'yan gidan suka riƙa ba ta haƙuri. Ni na laɓe a bayan mata ina fatan kada mu haɗa ido da malamar, amma ta hango ni. Ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarmarta, ta kama hannuna.

"Sannu Malama," ta ce. "Kun baro aiki saboda ni. Allah ya bar zumunci."

Na ce amin.