Taken Kawu

Fawa muka gada a gidanmu, dambe kuma tare da ita ya zo. Tun kakanninmu da suka taso daga Najeriya suka zauna Garwa, ba a rasa ɗan dambe a zuriyarmu ba. Amma kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne ya fi kowa suna. Ya yi wasa a Garwa da Poli da Marwa, ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa har ya kwance zaren hannunsa don kansa.

Duk ɗan damben da ya isa yana da take. Makaɗi ne ke buga shi da kalangu. Kalangu ba ya furta kalma, amma kowa ya san abin da yake faɗa, jama'a su amsa da baki. Na kawu shi ne, "Sa ya faɗi, a kawo wuƙa." Ranar da ya bar wasa, ya riƙe hannuna a gaban makaɗinsa ya ce, "Daga yau taken nan na yaron nan ne." Ba kowa ake yi wa haka ba.

Shekarun farko da ƙarfina na yi wasa, Allah ne shaida. Daga baya kafaɗata ta soma ciwo. A bakin kwata akwai masu tallan ƙwayoyi, na sayi tramol. Da fari don ciwon nake sha. Sai na lura in na sha ba na jin naushi, ba na jin tsoro, sai na riƙa ƙarawa ko kafaɗar lafiya take.

A garin Tuboro asirina ya tonu, lokacin da manoma suka sayar da auduga aka shirya wasa. Ana buga taken, na shiga fili, abokin karawata bai ko taɓa ni ba na zube ina karkarwa, kumfa na fita a bakina. Wani ya yi ihu a kawo ruwa. Da aka sassauta mini wando, ƙwayoyin suka zubo.

Kafin in dawo Garwa an sauya wa taken baki. "Sa ya sha, a kawo ruwa." Ya hau kiɗan daidai, kamar don shi aka yi. Aka soma tuno waɗanda na kayar tun ina saurayi ana cewa ashe ƙwaya ce. Wannan na haƙura da shi. Abin da ya fi ci mini rai, sai aka koma kan kawu. "Shi ma tsohon wa ya san abin da yake sha?" Alhali a zamaninsa ko sunan ƙwayar ba a taɓa ji ba. Makaɗin ya daina buga taken gaba ɗaya.

Kawu ya san na sha, bai kuma taɓa yi mini maganar ba. Sabon bakin taken ne muka ɓoye masa. Bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, a zaure yake wuni. Wata rana ina juya shi ya ce, "Ɗan nan, ina marmarin jin takena."

Na je wurin makaɗin, shi ma ya tsufa.

"Baba, kawu ke son jin takensa."

"Kai dai ba ka gajiya da jawo magana," in ji shi. "Ni fata nake bugawa. Bakin mutane ba a hannuna yake ba."

"A zaure ne, Baba. Mu uku kawai."

"Kalangu ya san zaure? Ka taɓa jin ya yi raɗa?"

Na nace har ya yarda. Gaskiyarsa na sani sarai. Amma ni ma ina son in sake jin taken, sai na fake da tsoho.

Ya zo bayan la'asar, ya zauna kusa da tabarmar kawu, ya matse kalangu a hammata. Da bugun farko kawu ya dunƙule hannun dama ya ɗaga shi sama. Bakinsa a karkace yake, amma yana amsawa.

A ƙofar gidanmu akwai dalbejiya inda masu moto, wato masu haya da babur, ke jiran fasinja. Suka ji. Ɗaya ya ɗauko sabon bakin taken, sauran suka amsa da shewa, har da tafi. Ba mugunta suke nufi ba, yawancinsu ba su ma san akwai wani bakin kafin wannan ba.

Kawu ya sauke hannu. "Me suke cewa?"

"Gaishe ka suke yi, maigida," in ji makaɗin.

"Jikina ne ya mutu, ba kunnena ba." Ya juyo gare ni. "Kai, faɗa mini."

Na faɗa masa, kalma bayan kalma, kaina a ƙasa.

Ya saurara har na gama. Sannan ya dubi makaɗin ya ce, "Ajiye, abokina. Ka yi ƙoƙari. Kada ka sake buga shi, ko ka ji an ce na rasu."

Makaɗin ya rataya kalangunsa ya fita. Kawu ya ce in juya shi ya fuskanci bango, na juya shi.