Hancin Ayyash

Ayyash ɗan masunci ne, jikan masunci, amma shi teku ba ta taɓa karɓarsa ba. Da ya sa ƙafa a kwalekwale sai cikinsa ya juya. Sau uku mahaifinsa ya gwada shi, a na ukun ya saɓo shi a kafaɗa ya dire wa uwarsa, ya ce, "Ga kayanki, a nema masa sana'ar tudu."

Hancinsa ne ya ba shi sana'ar. Shekara arba'in yana zaune a kasuwar kifin ƙauyensu, kudu da birnin Hudaida, dillalai na kawo masa kwando yana sunsunawa. Zai ce wannan na asuba ne, wancan na jiya ne aka yi wa wanka da ƙanƙara. Masu ha'inci ba sa gaishe shi.

Wata rana da azahar matarsa Salama ta ciro kifi daga tanderu, ta ajiye masa da gurasa. Ya kai loma baki, ya tsaya.

"Kin taɓa kananzir da hannun nan?"

"Wane kananzir? Rabona da shi tun da muka sayi tukunyar gas."

"To akwai mai a kifin nan."

"Shekara talatin da biyar ina gasa maka kifi, Baban Hizam. Da ina da niyya, ai da tuni an tashi daga zaman makokinka."

Ta ɗauke farantin ta kai wa maƙwabta. Kwana biyu gurasa da shayi yake ci.

A rana ta uku a kasuwa ya ji warin man a kwando huɗu, duk na masuntan da ke jefa taru kusa da wani jirgin dakon kaya da ya nutse shekara goma sha ɗaya baya. Nan kifi ya fi taruwa, don haka da ya ce tankin jirgin ne ya fara yoyo, sai aka yi masa ca. Futaini, shugaban masunta kuma abokinsa tun na yarinta, ya ce, "Kai da ba ka taɓa wuce ruwan gwiwa ba, kai za ka ba mu labarin ƙasan teku? Mura ce ke damunka, je ka sha zuma."

Bayan mako guda igiyar ruwa ta turo kunkuru biyu matattu, bakinsu baƙi ƙirin. Itatuwan cikin ruwan gaɓa, inda jatan lande ke hayayyafa, suka fara maiƙo. Futaini ya daina dariya, ya kira hukuma.

Ma'aikata suka zo da na'ura suka yi yini biyu suna zagaye, iska na watsa man, sun kasa gane inda yake fitowa. Futaini ya zo ƙofar gida yana sosa ƙeya.

"Ayyash, sai fa ka shiga ruwa."

"Ina da mura."

Salama ce ta miƙo masa lemon tsami uku da bokiti, ta ce ya tashi.

Aka kwantar da shi a goshin kwalekwale, kai a waje, hannu ɗaya rungume da bokitin. Ya ɗago ya ce "ku yi dama", ya koma ga bokiti. Ya sake ɗagowa ya ce "kun wuce, ku koma baya", ya koma ga bokiti. Wajen la'asar ya nuna wani wuri da yatsa, ko ido bai buɗe ba. Mai nutso ya sauka ya tarar da tsaga a jikin tankin, tsawon kamu ɗaya.

Wata biyu ana zuƙe man, an hana kamun kifi a wurin. Rabin ƙauyen na sa masa albarka, rabi na cewa hancinsa ya hana su cin abinci. Jatan lande bai dawo sosai ba sai a shekara ta uku.

Tun daga nan aiki ya yi masa yawa. Mata na kawo masa turaren amare, wani ya turo babur a ji masa injin, wata tsohuwa kuma ta jawo mijin 'yarta har kasuwa don a duba ko ya koma shan taba. Ayyash ya sunsuna rigar mutumin, ya dubi idonsa, ya ce shi kifi kaɗai ya sani. Washegari mutumin ya aiko masa da kankana biyu.